Kaskon Wuta a Motar Isuhu

Jiya ina zaune a bencin ƙofar gareji na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa ɗan'uwansa wai aikin iskar mota ba aiki ba ne, a ɗura gas, a danna maɓalli, shi ke nan. Ban tanka ba, don shayina yana daidai sha, ban ga dalilin ɓata shi da gardama ba. Amma tunda ni ne na tsufa a ƙarƙashin sitiyari har wuyana ya karkace, bari in faɗa muku yadda na san aikin, kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka.

A Maraɗi na koya, wurin marigayi Maigida Sanda. Aikin farko da ya ba ni shi ne gaban wata mota da ta yi hatsari, wato tabulo, allon nan da ke gaban direba mai ɗauke da agogo da madannai. Ya ce in kwance shi gaba ɗaya in mayar. Na kwance cikin jin kai, na mayar, sai ga sukurori sun yi saura a tafin hannuna. Ya dube su, ya dube ni, ya ce, “Waɗanga kuma na miya ne?” Na sake kwancewa. Haka na yi ta fama da allon nan har na san kowane haƙorin roba da ke riƙe da shi, na san wanda ake turawa da wanda ake ja, domin robar da ta sha ranar ƙasarmu ba ta yafe wa mai gaggawa. Tana karyewa ne kawai, mai mota kuma yana tsaye a kanka.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Turnabis na kwance sukurori, mai faɗi da mai kuros, pans na kama waya, 'yan ƙananan kile na kwance noti, da kwan fitilar mota da aka ɗaura wa waya biyu don gane inda wuta ta tsaya. Akwai madubin gwangwanin hoda na mata da Maigida ya ɗaure a bakin waya, da shi muke leƙa lungun da kai ba ya shiga. Sai kumfar sabulu ta neman inda gas ke zurarewa. Babban ma'auninmu kuwa bayan hannu ne. In ka kai bayan hannunka bakin ramin iska, ya kamata ka faɗi abin da ke damun motar kafin mai ita ya gama gaisuwa.

Abin da ke bayan allon nan ba wani sihiri ba ne. Akwati ne na roba mai 'yan ƙofofi a ciki, da fanka. Hannun da direba ke turawa hagu ko dama yana jan wata siririyar waya, ita kuma ta buɗe ƙofa ko ta rufe. In an tura wajen shuɗi, sanyi ne, kilim ke nan, na'urar sanyaya iska, in motar tana da shi. In an tura wajen ja, wayar tana buɗe wani ɗan famfo, ruwan zafin inji ya shigo wata ƙaramar radiyata da ke cikin akwatin, fanka ta hura zafin zuwa ƙafafun mutane. Wannan shi ne shofaj. Turawa ne suka yi shi don ƙasarsu ta ƙanƙara, motocin kuma suna zuwa mana da shi daga Kwatano bayan sun gama ƙuruciyarsu a can.

To, al'adarmu a lokacin, duk motar da ta iso, aikin farko shi ne a kashe mata shofaj. Ba wanda ke tambayar dalili. A cire tiyo biyun da ke kai ruwa ciki, a haɗa bakinsu da guntun bututu, ruwa ya riƙa juyawa ba tare da ya shiga ɗakin fasinja ba. Mai son tsabta ya ce a zare ƙaramar radiyatar ma, kada wata rana ta fashe ta jiƙa masa babbar riga. Na yi wannan aikin ban san iyaka ba. Da na dawo gida Madarumfa na kafa rumfata kusa da tasha, sai na riƙa jefa radiyatocin a bayan rumfa, da niyyar wata rana in kai wa masu narka tagulla. Suka taru suka yi tudu, kaji suna ƙwai a ciki.

Masu kawo mini aiki iri-iri ne. Akwai alhazan Ɗan Issa masu canji, waɗanda ke son sanyi ya kama su har su yi atishawa, in ba haka ba aiki bai yi ba. Akwai direbobin kasuwa da ba ruwansu da kilim, fanka kawai ta juya. Akwai wani mai gyaɗa daga Safo da ya zo yana rantsuwa aljani ya shiga motarsa, don da ya kunna fanka sai a ji kuka da wari. Na buɗe na tarar ɓera ta haihu a ciki, ta yi shimfiɗa da ɓawon gyaɗarsa. Zanzaro kuwa shi ne babban abokin gabana. Ya sami mota ta kwana biyu a ajiye, ya shiga ya gina ɗakinsa na laka a bakin ƙofar iska, mai mota ya zo ya tura hannu da ƙarfi, waya ta tsinke.

Sai shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi. Ba sai na yi muku dogon bayani ba, iyayenku sun sani. Gas ɗin kilim ya zama abin kallo a kanti, kayan gyara suka daina zuwa, wanda ya zo kuma ba mai iya taɓa shi. Masu sanyi suka koyi sauke gilashi. Kowane direba ya zama makaniken kansa. Fis, ɗan abin nan da ke kare wayoyin wuta, ya ƙone, a naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba. Hannun iska ya saki, a cusa masa tsinke ko guntun silifa. Ni kuwa sai in yini ina kallon Lawali mai facin taya, maƙwabcina a tasha, yana aiki, don taya ba ta san an shiga matsi ba. A shekarar na koma noman rani a bakin tabkin garinmu da rabin jikina, ina dasa salati da hannun da ya saba da turnabis.

Cikin waɗanda suka yi wa motarsu aiki da kansu har da Isuhu. Direba ne mai tsohuwar familiyal, mai kujera layi uku, kullum bayan sallar asuba yana kai kifin tabki da kayan lambu Maraɗi, ya dawo da fasinja. Mutum ne dogo marar yawan magana, sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Tasa motar ba a taɓa kashe mata shofaj ba, sai da bazarar shekarar wayarsa ta tsinke, famfon ya maƙale a buɗe, motar ta riƙa dafa ƙafafun mutane ana tsakar zafi. Bai zo wurina ba. Ya sami ranar Juma'a ya ɓalle allon da kansa, ya yanke tiyo da wuƙar kifi, ya fizge radiyatar, ya zo wucewa ya wurga ta kan tuduna yana cewa, “Ga taka nan, ƙara bisa dukiyarka.” Muka yi dariya.

Da sanyi ya shigo sosai, irin na bakin tabki mai shiga ƙashi, sai ga Isuhu da hantsi ya tsaya a gaban rumfata. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi salati, ya yi ta kewaye-kewaye. Can ya ce, “Malam Mamman, shofaj ɗin nan nika so a maido.”

Lawali yana jin haka ya ajiye tayar da ke hannunsa. “Jama'a ku zo ku ji! Duniya na biɗar sanyi, Isuhu na biɗar wuta. Ko gasa kihin za ka yi bisa hanya, ka isa Maraɗi sai barbaɗa yaji?”

'Yan tasha suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Isuhu bai yi fushi ba. Ya ce, “Ƙahwahuna ne ka ciwo da sahe. Tsuhwa.”

Na ce ya sayi safa, ta fi araha. Ya ce shi dai a duba. Da na buɗe ƙofar gaba ta wajen fasinja don in leƙa ɓarnar da ya yi, sai na ga tabarmar roba ta ƙasa ta narke, ta yi zagaye baƙi kamar gindin tukunya, ga toka a lungu. A ƙarƙashin kujera kuma ga ɗan kaskon wuta na yumɓu, irin wanda tsofaffi ke sa wa garwashi su kwana da shi a ɗaka. Na ɗago na dube shi. Mai ciwon ƙafa a wajen direba yake zama, kaskon kuwa a wajen fasinja ya ƙona tabarma. Ya kau da kai yana kallon tabki. Na ce ya kawo motar gobe in ya dawo daga Maraɗi.

Washegari Lawali ya riga ni zuwa, kuma ba dariya a bakinsa. Matarsa maƙwabciyar gidan Isuhu ce, ita ta ba shi labari. Isuhu yana da 'ya, Zuwaira, 'yar farinsa. Ta ci jarrabawa ta sami lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi a shekarar. Tana da amosanin jini, ciwon nan da in sanyi ya bugi mai shi sai gaɓoɓi su kama ciwo kamar ana sara. Ba su da dangi a Maraɗi, uwarta kuma ta ƙi a ajiye ta a gidan da ba a san ciwon ba, don haka uban ke tafiya da ita kowace asuba a kujerar gaba, ya dawo da ita da yamma. Da sanyi ya tsananta ta kwanta ciwo, ta tashi da ƙyar. Shi ne ya yi dabarar da ya gada, ya zuba garwashi a kasko ya ajiye mata a ƙafa, ya rufe gilasai ruf don kada ɗumin ya fita. Ba su yi nisa ba kanta ya langaɓe. Shi ma kansa yana sarawa, da ƙyar ya tsaya ya jawo ta waje ta sha iska ta farfaɗo. Gawayi a rufaffen wuri yana da wani numfashi da ba a gani, ba a jin warinsa, yana kwantar da mutum ne kamar barci.

Uwar ta ce an gama. Yarinya ba za ta sake shiga motar nan ba sai zafi ya dawo. Kafin zafi ya dawo kuwa shekarar karatu ta tafi, wanda ya zauna gida shekara guda kuma bai cika komawa ba. Isuhu ya roƙi a ba shi zuwa ƙarshen hutun da ake ciki.

Ku yaran yanzu za ku ce, to me ya hana shi faɗa tun farko? Kuna kiran 'ya'yanku na fari da sunansu, kuna ɗora su a wuya a tsakiyar kasuwa. A zamaninmu ba a yi. Ɗan fari na kunya ne. Uba ba ya kama sunansa, ba ya nuna damuwa da shi a gaban mutane, ko ciwo yake sai dai ya tambaya a kaikaice. Isuhu ya gwammace 'yan tasha su mai da shi abin dariya da a ce ya tsaya gaban sa'o'insa yana cewa saboda 'yarsa ne. Ni ma da ya kawo motar ban ce masa na ji komai ba. Na ce, “Ƙahwahun nan naka za su sha aiki.” Ya ce, “Allah shi ba da sa'a.”

Na shiga tudun bayan rumfa, kaji suna zagina. A rayuwata ban taɓa mayar da shofaj ba, cirewa kawai na iya, sai na bi aikin da baya-baya. Na gane tasa radiyatar da sauran tiyon da ya yanke da wuƙa, amma ya tsage ta wajen fizga. Na zaɓo wasu irinta, na toshe baki ɗaya, na hura ɗayan da famfon keken Lawali a cikin daro cike da ruwa. Wadda ta yi kumfa da yawa a mayar da ita ga kaji. Na sami wadda ke tsiyaya wuri ɗaya tak, na like da dalma. Ɗan famfon ruwan kuwa ya daskare da farin dattin ruwan rijiya, na jiƙa shi a ruwan tsamiya mai kauri ya kwana, da safe na yi ta lallaɓa shi da mai har ya yarda ya juya. Wayar da ta tsinke ba a samun irinta ko a Maraɗi, sai na sa wayar birkin keke, na lanƙwasa bakinta da pans. Cikin akwatin na fasa gidajen zanzaro, na cire takardar taba daga wurin fis na sa na gaskiya. Allon da Isuhu ya ɓalle kuwa rabin haƙoransa sun tafi, na ɗaure shi da waya ta ciki inda ido ba ya gani. Lawali, wanda ya fi kowa dariya, shi ya yanko mini tiyo daga cikin ajiyarsa, bai karɓi ko godiya ba.

Muka fita gwaji da asuba, ni da Isuhu. Na tura hannu wajen ja, na kunna fanka, na kai bayan hannuna. Iska ce mai sanyi. Muka yi ta tafiya, sai da muka hango Maraɗi sannan ta fara ɗumi kamar numfashin akuya. Na ga yadda Isuhu ya ƙanƙame sitiyari. Hutu kuma saura kaɗan ya ƙare.

A hanyar dawowa abin ya faɗo mini. Akwai wani ɗan ƙarfe a bakin inji mai kama da murfin kwalba, kalorista, wanda ke tsare ruwa har sai inji ya yi zafi sannan ya sake shi. Shi ma al'adarmu ce a cire shi a jefar ran da mota ta iso, wai yana sa inji zafi. In babu shi, da sanyin asuba ruwan ba ya ɗumama da wuri. Na tambayi Isuhu, ya ce ai tun a Kwatano aka cire. Na hau motar Ɗan Issa na bi masu kayan gyara rumfa rumfa. Wani tsoho ya zazzage mini wani gwangwanin madara cike da su, ya ce tunda ya buɗe rumfa ba a taɓa tambayarsa ba. Na zaɓi masu kama da namu, na kai wurin mai shayi na roƙi tafasasshen ruwa a kofi, ina jefa su ɗaya bayan ɗaya. Mai shayi yana kallona kamar mai haɗa magani. Wanda ya buɗe baki a ruwan zafi ya rufe da ya huce, shi na sa a aljihu. Na koma na ɗaura shi a bakin injin Isuhu.

Ran da aka koma makaranta na je gidan Isuhu bayan sallar asuba, na ce ya tayar da inji ya bar shi yana aiki tukuna. Uwar Zuwaira ta fito da lulluɓi, ba ta ko dube mu ba. Ta buɗe ƙofar gaba, ta duba ƙarƙashin kujera ko akwai kasko, ta sunkuya ta shinshina, sannan ta miƙa hannu wurin da ƙafa ke zama. Ta daɗe a haka. Ta ce, “Malam Mamman, ba hayaƙi cikinta?” Na ce, “Babu, ruwan zahi ne cikin ƙarhe, kamar a ɗumama ɗaki da tulun ruwan wanka. Kuma za a bar gilashin baya a ɗan buɗe.” Ta koma ciki. Jim kaɗan sai ga Zuwaira, siririya, an naɗe ta da bargo har ka, littattafai a ƙirji. Ta durƙusa ta ce, “Ina kwana, Baba Mamman,” ta shiga.

Ni na zauna a baya tsakanin kwandunan kifi da salati. Isuhu ya ɗauki hanya. Muna tafe na ga bargon ya sauka daga kanta zuwa kafaɗa. Can ya sauka zuwa cinya. Ta buɗe littafi tana dubawa da ɗan hasken da ya fara fitowa. Da muka yi nisa sai ta ce, a hankali, “Baba, a rage kaɗan. Zahi ya yi yawa.”

Isuhu bai ko waiwaya wajenta ba. Sai ya dube ni ta madubi ya ce, “Malam Mamman, wai ta ina aka rage abin ga?” Mutumin da ya ɓalle allon nan da hannunsa. Na ce, “Tura hagu kaɗan.” Ya tura da yatsa biyu kamar mai taɓa ƙwai, wayar birkin keke ta ja, famfo ya amsa. Na yi gyaran motocin manya da yawa, amma ban taɓa jin daɗin aikina kamar na wannan safiyar ba. Kifin dai ya isa Maraɗi ɗanye, na gaya wa Lawali.

Tun daga ranar ban sake kashe shofaj ba. Mai mota ya ce a cire, in ce a rufe famfo dai a bar shi, ba ya cin abinci. Shi ya sa kuke ganin ina faɗa in na ga ɗayanku ya ɗauki wuƙa ya nufi tiyo.

Isuhu kuwa ya mai da abin al'ada. Kowace shekara in an gama girbin gero, iska ta fara juyawa, sai ya kawo motar ya ce, “A duba mini ƙahwahuna.” In duba waya, in fasa gidan zanzaro, in gwada famfo. Wata shekara ya zo a lokacin da ya saba, na ɗauko turnabis, sai ya ce, “Bana ba sai ka wahala ba.” Gabana ya faɗi, don na san ciwon nan, na san gidajen da ya shiga. Na kasa tambaya. Ya gyara hularsa, ya kalli tabki, ya ce, “Mutuniyar ta wuce Yamai. Babbar makaranta.”

Na ce alhamdu lillahi, Lawali ya ce alhamdu lillahi har da tafi. Don in tsokane shi na ce, “To, tunda ƙahwahu sun warke, sai in cire abina in maida bisa tudu.”

Ya ɗora tafin hannunsa a kan allon, daidai wurin hannun shofaj.

“A'a, bar shi nan,” ya ce. “Cikin sanyi suka samun hutu.”